RA'AYINMU: JAN LAUNI DA ƊAKIN JARRABAWA

Ga shi jarrabawar ƙarshen zango ta ƙarato, ɗakin karatu ya cika ya batse, fitilu kuwa ba su mutuwa a ɗakunan kwana sai goshin asuba. A irin wannan lokaci ne kowace shekara zantuka su kan yi yawa a bakin ɗalibai, waɗansu na ilmi, waɗansu na camfi, waɗansu kuwa sun ɗebo nan sun ɗebo can. Daga cikinsu akwai maganar nan da a ke yi cewa wai masana sun tabbatar da cewa ganin jan abu gab da jarrabawa yana rage wa mutum basira, shuɗi kuwa yana buɗe ƙwaƙwalwa. Har an sami masu gargaɗin kada a shiga ɗakin jarrabawa da jar riga, kada kuma a zauna bayan mai ita.

Mun ga ya wajaba wannan mujalla ta ce wani abu, domin jarrabawa ba abin wasa ba ce. Maki biyu ko uku su kan raba darajar digiri da darajar da ke ƙarƙashinta, su kan kuma raba wanda aka ɗauka aiki da wanda aka ce ya tafi ya jira. Idan gaskiya ne launin takarda yana cinye wa ɗalibi maki, to, wannan zalunci ne, kuma haƙƙin Ƙungiyar Ɗalibai ne ta tsaya tsayin daka sai an kawar da shi. Idan kuwa ba gaskiya ba ne, to, an ɗora wa ɗalibi wani tsoro bisa tsoron da ya ke fama da shi, an kuma miƙa wa malalaci hanzari, watau mai neman kuka an jefe shi da kashin awaki. Saboda haka bari mu bi maganar daki-daki, mu ga abin da ya tabbata da abin da bai tabbata ba.

Da fari dai, Bahaushe ba ya bukatar wani ya gaya masa cewa akwai dangantaka tsakanin launi da zuciya. Harshensa ma ya shaida. Shi ne ya ce farin ciki da baƙin ciki, farin jini da baƙin jini, shi ne kuma ya kira aiki mai wuya jan aiki, ya kira jarumtaka jan hali. Dukkanmu kuwa tun muna firamare muka san jan biro. Da shi malam ya ke soke kuskure, da shi ya ke zana sifiri, da shi a ke rubuta darasin da yaro ya faɗi a takardar sakamako, har ma uban da bai yi boko ba ya san in ya ga ja a takarda akwai magana. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Don haka ba abin mamaki ba ne a yi zaton cewa wanda ya shekara goma sha biyu yana ganin ja a matsayin alamar faɗuwa, gabansa zai faɗi in ya gan shi a bangon takardar tambayoyi. Zaton yana da ma'ana. Amma fa zato dabam, hujja dabam.

Akwai wani abu guda da ya tabbata, wanda babu jayayya a cikinsa. A shekarar 1935 wani Ba'amurke mai suna John Ridley Stroop ya buga sakamakon wani gwaji da kowa zai iya yi a ɗakinsa. Ka rubuta kalmar "ja" da shuɗiyar tawada, ka rubuta "kore" da jar tawada, ka jera irinsu da yawa, sa'an nan ka ce wa abokinka ya yi ta faɗin launin tawadar da sauri, kada ya karanta kalmar. Za ka ga yana inda-inda, bakinsa yana son faɗin abin da aka rubuta. Stroop ya tarar cewa mutanen da suka faɗi launuka 100 cikin daƙiƙa 63 sa'ad da babu kalma, sai da suka ɗauki daƙiƙa 110 sa'ad da kalmar ta saɓa wa tawadar. An maimaita wannan gwaji ba adadi a ƙasashe da harsuna dabam dabam, kullum kuwa haka ya ke fitowa. Sai dai abin da ya nuna shi ne cewa karatu ya zama jiki ga mai ilmi, har ba ya iya hana idonsa karanta abin da ya gani. Bai nuna cewa wani launi yana ƙara basira ko yana rage ta ba.

Maganar da ke yawo yanzu tushenta wani bincike ne da aka buga a shekarar 2007. Andrew Elliot na Jami'ar Rochester ta Amurka, da Markus Maier na Jami'ar Munich ta Jamus, tare da abokan aikinsu, suka yi gwaje-gwaje shida. A na farkon sun ba ɗalibai 71 aikin harhaɗa kalmomi daga haruffan da aka hargitsa, kamar a ba ka r-a-t-a-k-d-a a ce ka fitar da "takarda". Kowane ɗalibi an rubuta masa lambarsa a takardar, waɗansu da ja, waɗansu da kore, waɗansu da baƙi. Waɗanda aka rubuta wa da ja suka kasa sauran. A gwaje-gwajen da suka biyo baya a Jamus, bangon takardar gwajin hazaƙa aka sauya wa launi, aka bar mutum ya dube shi na 'yan daƙiƙoƙi, nan ma masu ja suka zo baya. Bayanin da masu binciken suka bayar shi ne cewa ja yana tayar da tsoron faɗuwa ba tare da mutum ya sani ba, mai tsoron faɗuwa kuwa hankalinsa ya kan rabu biyu.

Shekara biyu bayan haka, watau a 2009, Ravi Mehta da Juliet Zhu na Jami'ar British Columbia ta Kanada suka buga nasu a mujallar Science. Su sun sa mutane fiye da 600 aiki a kwamfuta, suna sauya launin allon. Suka ce ja yana taimakawa wajen aikin da ke bukatar lura, kamar haddace jerin kalmomi ko gano kuskure a rubutu, shuɗi kuwa yana taimakawa wajen aikin ƙirƙira, kamar a ce ka kawo hanyoyi da yawa na amfani da tubali guda. Jaridun duniya suka ɗauka suka yaɗa. Tun a nan ya kamata mai hankali ya dakata, domin binciken farko ya ce ja yana cutarwa, na biyu kuwa ya ce a wani fannin yana amfani. Amma labari mai daɗi ba ya jiran tambaya.

To, a fagen kimiyya ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya. Ƙa'ida ita ce wani dabam, a wani wuri dabam, ya bi hanyar da ka bi ya ga ko zai isa inda ka isa. Da aka zo nan sai labari ya sha bamban. A shekarar 2014 Kenneth Steele, wani malamin jami'a a Amurka, ya maimaita ɗaya daga cikin gwaje-gwajen Mehta da Zhu da mutanen da suka fi nasu yawa nesa, bai ga abin da suka gani ba. A 2016 Winfred Arthur da abokan aikinsa na Jami'ar Texas A&M suka duba sakamakon jarrabawa ta gaske, ta ɗaliban da aka ba waɗansu jar takarda waɗansu koriya, ba su ga bambancin da za a kama ba. Daga bisani, a 2020, wani masani mai suna Timo Gnambs ya tattara abin da aka samu daga rukunin mutane 38 da aka yi wa irin wannan gwaji, ya auna su gaba ɗaya. Ya tarar cewa a wajen harhaɗa kalmomi da gwajin sani babu wani bambanci. A wajen gwajin tunani an ga ɗan bambanci, amma binciken farko-farko ne suka nuna shi da girma, na baya suka yi ta ƙanƙantar da shi. Da ya cire son zuciyar da ke cikin yadda a ke zaɓen abin bugawa, sai ya zamana babu sauran hujjar da za a dogara da ita.

Yaya aka yi haka, alhali kuwa masu binciken farko ba maƙaryata ba ne? Dalili biyu ne, kuma ya kamata kowane ɗalibi ya san su, ko wane fanni ya ke karantawa. Na ɗaya, ƙarancin mutane. A waɗansu gwaje-gwajen na 2007 mutanen ba su kai 50 ba, aka kuma raba su gida uku. In ka raba ɗalibai 30 gida uku, ya isa haziƙai biyu su faɗa gida ɗaya bisa tsautsayi, sai ka ga gidan ya yi fice, ka ɗora wa launi abin da ba nasa ba. Na biyu, halin masu buga mujallun ilmi. Wanda ya ce ya gano abin mamaki a kan karɓi takardarsa hannu bibbiyu, wanda kuwa ya ce ya gwada bai ga kome ba, tasa ta kan ƙare a aljihun tebur. Da haka sai duniya ta ji muryar mutum biyar da suka ga abu, ba ta ji ta ashirin da ba su gani ba. Wannan cuta ba a maganar launi kaɗai ta tsaya ba. A shekarar 2015 wata babbar ƙungiyar masana ta maimaita bincike 100 na fannin nazarin halin ɗan Adam, waɗanda 97 daga cikinsu suka ce sun gano wani abu, amma kashi 36 cikin 100 kaɗai suka sake bayar da sakamako mai ƙarfi. Ashe ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Akwai kuma wani abin lura. Ko da a ce ja yana da wani tasiri, ma'anarsa koyonta a ke yi, ba a haifi kowa da ita ba. A kasuwar hannun jari ta ƙasar Sin, ja shi ne alamar tashin farashi, kore kuwa alamar faɗuwa, saɓanin yadda ya ke a Amurka da Turai. Wani bincike da aka buga a 2014 ya ce dillalan wannan kasuwa sun fi ƙoƙari a gwajin hazaƙa bayan sun ga ja. Shi ma ƙaramin bincike ne, ba za mu rantse da shi ba, amma ya tuna mana da abin da ke gabanmu. Duk wanda ya taɓa buɗe Alƙur'ani rubutun hannu irin na Kano ko na Barno ya san baƙaƙen da baƙar tawada a ke rubuta su, wasulla kuwa da ja. A nan ja jagora ne ga mai karatu, shi ke nuna masa yadda zai furta kalma, babu zargi a cikinsa ko kaɗan. Yaron da ya taso tsakanin makarantar allo da ta boko ya san ja iri biyu ke nan, na taimako da na tsawa. Mafi yawan gwaje-gwajen da muka ambata kuwa ɗaliban Amurka da Turai aka yi wa su. Wane dalili zai sa mu ɗauki abin da bai ma tabbata a kansu ba mu yafa wa kanmu?

Duk da haka ba mu ce a rufe maganar launi a jefar ba. Akwai wurare biyu da ta cancanci kulawa, kuma abin mamaki, su ne ba a cika magana a kansu ba.

Wuri na farko shi ne idon mai hukunci. A shekarar 2005 Russell Hill da Robert Barton na Jami'ar Durham ta Ingila suka duba sakamakon dambe da kokawa da takwando a wasannin Olamfik na Atina na 2004, inda a ke raba wa 'yan wasa ja ko shuɗi. Suka tarar masu ja sun ci kimanin kashi 55 cikin 100 na karawar. Aka yi ta cewa ja yana ƙara wa ɗan wasa ƙarfin zuciya. Amma a 2008 waɗansu masana na Jami'ar Münster ta Jamus suka nuna wa alƙalan takwando 42 hotunan bidiyo na karawa, sa'an nan suka sake nuna musu su bayan an musanya launin kayan 'yan wasan da kwamfuta. Karawa ɗaya, 'yan wasa ɗaya, amma mai ja ya sami ƙarin maki kimanin kashi 13 cikin 100. Watau abin yana iya zama a idon alƙali ya ke. Haka nan a 2010 Abraham Rutchick da abokan aikinsa a Amurka suka ba mutane rubutu su duba, waɗansu da jan biro, waɗansu da shuɗi. Masu jan biro suka fi zaƙulo kurakurai, suka kuma fi ƙwauron maki. Wannan ma bincike ne da ke bukatar ƙarin tabbaci, kada mu yi masa abin da muka hana a yi wa sauran. Amma darasin da ke cikinsa tsoho ne: mai duba takarda ɗan Adam ne, ƙananan abubuwa su kan karkata hannunsa, don haka tsari ne ya kamata ya tsare ɗalibi daga wannan karkata.

Wuri na biyu shi ne makantar launi, wadda ita babu tantama a kanta. Tun a shekarar 1794 John Dalton, masanin kimiyyar nan na Ingila, ya bayyana yadda shi kansa ba ya ganin launuka kamar sauran mutane, a 1917 kuma likitan ido Shinobu Ishihara na Japan ya fitar da hotunan ɗige-ɗigen nan da a ke gwada ta da su. Gado ce, ta fi kama maza, mafi yawanta kuwa rashin rarrabe ja da kore ne. A cikin Turawa ta kan sami kimanin namiji 1 cikin 12 da mace 1 cikin 200. A cikin 'yan Afirka ba ta kai haka yawa ba, amma akwai ta, kuma da yawa masu ita ba su san suna da ita ba. Ka ɗauki ɗalibin da aka ba taswira ko zanen lissafi aka ce ya kwatanta jan layi da koren layi, ko wanda aka sa ya lura da sauyin launin ruwan magani a ɗakin gwaji. Wannan ɗalibi zai iya rasa maki ba don bai yi karatu ba. Yanzu da jarrabawa ta koma kan allon kwamfuta, tun da hukumar JAMB ta fara hakan a 2013 ta kuma mayar da ita gaba ɗaya a 2015, amfani da launi wajen tsara tambayoyi ya yi sauƙi ƙwarai, haɗarin kuwa ya ƙaru gwargwadon haka.

Ga 'yan'uwanmu da suka riga mu fita suka kama aikin gwamnati, akwai wani labari da ya dace su riƙe. A shekarar 1979 wani mai bincike, Alexander Schauss, ya shawo kan shugabannin wani gidan horon sojan ruwa a Seattle ta Amurka suka shafe ɗakin tsare mutane da fenti ruwan hoda, wai yana kwantar da hankalin mai faɗa. Labari ya bazu, gidajen yari da dama a ƙasashe dabam dabam suka bi sahu. Sai a 2015 Oliver Genschow da abokan aikinsa suka gwada abin bisa ƙa'ida a wani gidan yari na Suwizalan, ba su ga ya rage faɗa ba. Shekara 36 ke nan ana sayen fenti bisa zato. Watan wata rana wani ɗan kwangila zai shigo ofishinku da takarda a hannu, ya ce bincike ya nuna in an shafe azuzuwa da launi kaza yara za su fi fahimta. Ku tambaye shi: mutum nawa aka gwada, wa ya maimaita, me ya samu? Kuɗin da za a zuba a fenti na musamman, ajin da ba shi da benci ko rufin kirki ya fi bukatarsa.

Bisa ga wannan duka, ga abin da mu ke roƙon hukumomin jami'a. Na farko, takardun tambayoyi su zama iri ɗaya ga kowa, farar takarda da baƙin rubutu mai fitowa sosai. In an tsara tambayoyi kashi-kashi don hana satar amsa, a bambanta su da harafi ko lamba. Ba mu ce an tabbatar takarda mai launi tana cutarwa ba, amma wannan mataki ba ya cin ko kwabo, kuma yana toshe ƙofar ƙorafi. Na biyu, kada a kafa tambaya bisa rarrabe ja da kore kaɗai. Kowane layi ko yanki na zane a sa masa suna ko alama, asibitin jami'a kuma ya riƙa gwada ganin launi ga sababbin ɗalibai, musamman masu shiga likitanci da kimiyya da injiniya, domin mai matsalar ya san kansa tun da wuri. Na uku, a ƙarfafa tsarin duba takardu: lamba maimakon suna, rubutaccen ma'aunin bayar da maki, da malami na biyu mai bin sawun na farko. Ba mu nemi a hana jan biro ba. Abin da mu ke nema shi ne in ya soke, ya kuma rubuta dalili, domin ɗalibi ya ƙaru. Na huɗu, muna kira ga sassan ilmi da na nazarin halin ɗan Adam da su yi irin wannan gwaji a nan gida, da ɗalibai masu yawa, su kuma buga abin da suka samu ko da "ba mu ga kome ba" ne. Wannan ma ilmi ne, kuma da shi aka gyara kuskuren da muka bayar da labari.

Ku kuwa 'yan'uwa ɗalibai, maganarmu gare ku gajeriya ce. Abin da aka sani tabbas yana ka da mutum a jarrabawa ba ɓoyayye ba ne: rashin karatu tun farkon zango, kwana ba barci daren jarrabawa, shiga ɗaki da yunwa, da rashin karanta tambaya da kyau kafin a fara amsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya yi karatunsa ya sa rigar da ya ga dama, ja ko shuɗiya, ya zauna inda aka ajiye shi. Wanda bai yi ba kuwa, ko an shafe ɗakin da shuɗi tun daga daɓe har rufi, abin da ya shuka shi zai girba. Mun zo jami'a ne domin mu koyi tambayar hujja kafin mu gaskata magana, ko da an ce daga bakin masana ta fito. In muka fita da wannan hali, ko a ofis ko a aji ko a asibiti, to, zamanmu a nan bai tashi a banza ba.

Allah ya ba mu sa'a baki ɗaya, amin.